Ba A Gudu A Ke Gane Gwanin Direba Ba

Kowa ya tsaya a mararrabar Jega, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kabi da ta Yawuri suka gamu, zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Manyan motoci su kan taso daga Aliero shaƙe da buhunan albasa, ga mutane zaune birjik a bisa kayan, su bi ta Maiyama su nufi Kwantagora da ƙasashen kudu. Samarin tasha kuwa ba wanda su ke yi wa kirari sai direban da ya fi kowa taka mota. A ganimmu wannan yabo ya kauce wa mai shi, kuma za mu kafa hujja da labarin wani mutum wanda gudun mota ne sana'arsa.

Sunansa Jan Lammers, mutumin ƙasar Holan. An haife shi cikin 1956 a Zandvoort, wani gari na bakin teku mai filin tseren motoci. Tun yana yaro ƙarami ya shiga wankin mota a makarantar wani malamin tuƙi, Rob Slotemaker, inda a ke koya wa direbobi yadda za su riƙe mota in ta yi santsi. Watau dai da aikin karen mota ya fara, kamar yaran tashar Jega. Bambancin kurum shi ne an zaunad da shi an koya masa abin daki daki. Cikin 1973 ya zama zakaran ƙasarsu, cikin 1978 kuwa ya ci tseren Turai na ƙananan motocin da a ke kira Fomula 3. Daga nan ya shiga babban tseren Fomula 1, aka tashi da shi sau 23, amma ko maki ɗaya bai samu ba.

Inda Allah ya ajiye rabonsa shi ne Le Mans ta ƙasar Faransa. Can a ke wani tsere tun 1923, wanda a ke yini a kwana ana zagaya fili har awa 24, motar da ta fi cin nisa ita ce ta ci. Cikin watan Yuni na 1988 Lammers da abokansa biyu, Johnny Dumfries da Andy Wallace, suka tuƙa mota ƙirar Jaguar. Suka zagaya sau 394, tafiyar da ta haura kilomita 5,300, watau fiye da kilomita 220 ke nan kowace awa. Ana dab da gamawa, ga motar Porsche a bayansa ba ko zagaye ɗaya tsakaninsu, sai Lammers ya ji akwatin giya ya sake murya. Nan take ya bar ta a giya ta huɗu, bai ƙara taɓa ta ba har aka tashi. Da makanikai suka kwance akwatin suka tarad da sandar ciki ta karye. Da ya yi gaggawa ya sake giya, da wahalar mutum uku ta tafi a banza. Rabon kamfanin Jaguar da cin wannan tsere tun 1957.

To, jama'a, ku dubi abin da ya ba shi nasara: kunnen da ya san kukan injinsa, da haƙurin da ya hana hannunsa motsi. Ku dubi kuma irin tsarin da a ke yi wa waɗannan mutane. Dokar Le Mans ta hana mutum ɗaya tuƙi fiye da awa 4 cikin awa 6, ko fiye da awa 14 cikin tseren duka. An kewaye filin, kowa gaba ɗaya ya nufa, ba jaki, ba amalanke, ba ɗan makaranta mai ƙetare hanya, ga likitoci a tsaye. Duk da haka cikin 1955 mota ta faɗa cikin 'yan kallo a filin nan, mutum fiye da 80 suka halaka, shi Slotemaker ma da ya koya wa Lammers a filin Zandvoort ya gamu da ajalinsa cikin 1979. In ƙwararru cikin shinge ba su tsira ba, ina ga wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, tayarsa ta suɗe, birkinsa sai an yi ta famfo, ga rayuka talatin a bisa kayansa? Ko mai doki ya san ba a sukuwa a tsakar kasuwa.

Mun san abin da direbobi za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai mota da yawan sawu ya ke biya, mai kaya yana tsoron kasuwa ta faɗi kafin a isa, ramukan hanya sun ci lokaci, akwai kuma dajin da ba mai son dare ya riske shi a ciki. Saboda haka ba direba kaɗai mu ke ɗora wa laifi ba. Amma albasa ba ta ruɓewa don an tsaya barcin awa huɗu. Aliero ta yi suna da gwanayen maɗora, har daga nesa a ke kai musu karaya, sai dai su ma ƙashi su ke ɗorawa, ba su mai da rai.

Doka kam akwai ta. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, shekarar da Lammers ya ci tserensa. Abin da ya rage shi ne na gida, kuma ga shawararmu. Na ɗaya, ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su haɗa kai da ƙungiyar direbobi su buɗe ajin koyon tuƙi a Jega, inda yaran mota za su koyi alamun hanya da aikin birki da giya tun ba su nemi lasin ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero cikin 2006 tana kusa, sai a nemi taimakonta. Na biyu, kada a saki babbar mota zuwa kudu sai da direba biyu, kuma kada a ɗora mutane bisa kaya. Na uku, in ƙungiya za ta yi kyauta, ta ba wanda ya shekara goma bai kaɗe ko akuya ba.

Ku ma'aikatan hukuma, takardun nan ta hannunku su ke bi, kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba. Ku kuma malaman makaranta, direbobin gobe suna zaune gabanku. Ku ba su labarin yaron nan mai wankin mota, ku gaya musu a giya ta huɗu ya ci tsere. In kun shiga mota kuka ga direba ya wuce kima, ku buɗe baki ku yi magana, gama shirun fasinja ma yana cikin abin da ke kisa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai matafiya gida lafiya, amin.