WAI YAUSHE ZA MU JE GAYA?

Jama'a, ga ɗari ya sake kamawa, ga shugabannin ƙungiyarmu sun sake fitowa da takardar karo-karon yawon buɗe ido. Ina za a nufa? Ko ba a faɗa ba kun sani: Yankari, a yi wanka a Wikki, a leƙa giwa, a dawo da hotuna cike da waya. Ni ban ce giwa ba abar kallo ba ce. Tambayata ita ce, mu 'yan sashen Hausa ne ko kuwa 'yan gandun daji?

An ce a Amurka, idan ƙanƙara ta sauka, tsofaffin arewa sukan ja motocinsu zuwa kudancin Texas, bakin iyakar Meziko, su kafa zango har sanyi ya wuce. Su gudun sanyi suke yi, suna da hujja. Mu fa, me muke gudu? Ga Gaya nan a bayan gadar Wudil, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Kano, ga Ajingi kusa da ita, dukansu a bakin iyaka tun 1991 da aka yanke Jigawa. An gama girbi, hanyoyi sun bushe, tsofaffi suna bakin wuta da daddare, bakinsu cike da labari. Da tanti uku da barguna da tukunya ɗaya sai mu yi mako guda a can.

Wani zai ce, “To me ke Gaya?” Haba malam! Kai da ka ci jarrabawar tarihin Hausawa? Abagayawa, maƙeran asali na Kano, sun ce kakansu maƙeri ne mai suna Kano, daga Gaya ya taso neman tama, ya zauna a gindin Dala. Watau mun haddace Dala, mun manta da inda aka taso aka zo ta. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya kawo zuwan Agalfati ɗan Sarkin Macina, ya zama Sarkin Gaya a zamanin Yakubu (1452-1463). Ya kawo Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya ƙi biyan haraji shekara uku a zamanin Dadi (1670-1703), sai da aka yaudare shi aka kashe. 'Yarsa Mariyama kuwa ita ta haifi Sarkin Kano Muhammadu Sharefa. Wannan duk bakin marubutan birni ne, masu cin tuwon fada. Mutanen Gaya yaya suke ba da labarin Farin Dutse, ɗan tawaye ne ko gwarzo? Wa ya je ya tambaye su?

Kada a ce tsohon zance ne. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, a Yuli aka maido ta mai daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu. Mun yi musu a kan haka a ɗakunan kwana har muryoyinmu suka dushe, alhali yawancinmu ba mu taɓa shan ruwan garin ba.

Malamanmu ma ba su tsira ba, Allah ya ba su haƙuri. Kowace shekara suna sa hannu a kan kundin digiri da aka jiƙa daga wani kundin, ba mai cewa ɗalibi tashi ka je maƙera, ka ji sunan kowane ƙarfe daga bakin mai shi, ka ɗauko kirarin mafarauta da waƙar daɓe kafin masu su su kwanta dama.

In za a je, a je cikin Disamba. Da an shiga Janairu samarin ƙauyuka sun fara watsewa cin rani, sai mu iske su a Kano suna tura kurar ruwa a ƙofar makarantarmu. Kuɗin motar Yankari kaɗai ya ishe mu shinkafa da itace da goron dattawa. Na kai sunana wurin magatakarda. Saura mutum tara mu cika mota.