ZAUREN IYALI: Marayan Ɗan Kyanwa

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ƙaramin maraya wanda ba a cika kula da shi ba, wato ɗan kyanwa, ko mussa yadda muke cewa a nan yamma.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, gidan da ke da rumbu ya san amfanin kyanwa. Ɓera yana cin gero da dawa, har wani irinsa yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa ta jihar Borno a 1969. Amma wani lokaci kare ko mota kan kashe uwa, ko ambaliya irin wadda aka yi a Gummi a watan Agusta na 2024 ta raba ta da 'ya'yanta. Sai yara su tsinto ɗa, ido a rufe, su kawo gida. Me za mu yi?

Da fari, kada a yi hanzarin ɗauka. Uwa takan tafi farauta, takan kuma kwashe 'ya'yanta ɗaya ɗaya zuwa wani wuri. A tsaya daga nesa a duba na 'yan sa'o'i, sai dai in jikinsa ya riga ya yi sanyi. In akwai wata kyanwa mai shayarwa a maƙwabta, a gwada kai mata shi, gama sau da yawa takan karɓa.

In babu, to, ga babbar magana: ɗumi tukuna, sa'an nan abinci. Jaririn kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya kai kamar mako 3 ko 4, sanyi kuwa kan kashe shi tun kafin yunwa, balle da hunturu. In an ba shi madara yana sanyi, cikinsa ba zai narkar da ita ba. A sa shi cikin riga a jikin mutum har ya fara motsi. A shimfiɗa tsumma cikin kwali, a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da zane a ajiye gefe guda, a bar masa wurin matsawa in zafi ya yi yawa. Kada a kai shi bakin murhu. In ya galabaita ƙwarai, a shafa masa ɗigon ruwan sukari a dasashi.

Koko da kunu ba abincinsa ba ne. Madarar saniya ita kaɗai ba ta da ƙarfin ta uwarsa, takan kuma sa shi zawo. Akwai madarar gari da aka yi domin 'ya'yan kyanwa, ita ce ta fi. Inda ba a samu ba, a tafasa madarar akuya rabin kofi, ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai guda a ciki, ban da farin. Abin da ya daɗe a ajiye a zubar, a haɗa sabo.

A nemi sirinji marar allura. A kwantar da shi rub da ciki kamar yana shan nonon uwarsa. Kada a riƙe shi rigingine kamar jaririn mutum, domin madara za ta bi ta huhu. A ɗiga kaɗan kaɗan, yana haɗiyewa. A makon fari rabin ƙaramin cokali ko fiye kaɗan ya isa, amma kowace sa'a 2 ko 3, dare da rana. Nauyinsa ran haihuwa wajen giram 100 ne, ya kamata ya riƙa ƙara kamar giram 10 kullum.

Saura aiki ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba. Ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, uwa ce ke lashe shi har su fito. Don haka bayan kowane ci a jiƙa auduga da ruwan ɗumi, a shafa ƙarƙashin wutsiyarsa a hankali, har ya kai mako 3. A wanke hannu da sabulu.

In akwai ƙuma, a cire da mataji, kada a sa kananzir ko fiya-fiya. Kada kuma a ba shi farasitamol, gama dafi ne ga kyanwa. In zawo ya ƙi tsayawa, a nemi ma'aikacin dabbobi.

Idonsa zai buɗe wajen kwana 7 zuwa 14. A mako na 4 zai fara lasar madara a faranti, da kifi ko nama da aka dafa aka marmasa. In ya kai wata 3 a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Ba duka ke rayuwa ba, musamman wanda bai sha dakashin uwarsa ba. Ya kamata a faɗa wa yara haka tun fari, don kada su ɗora wa kansu laifi. Duk da haka muna roƙon iyaye, a raba wa yara aikin rana, manya su ɗauki na dare. Mu da muke koyarwa mun lura, yaron da ya reni halittar Allah marar ƙarfi yakan fi tausayin ƙannensa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.