Kifin Bakin Gada da Laifin da Bai Yi Ba

Duk wanda ya san Wudil ya san Juma'a ba ranar zama ba ce. Tun kafin rana ta fito motocin shanu sun cika hanya, ƙura ta turnuƙe Kara, dillalai na ta kai-komo da sanda a kafaɗa. A shekarun da nake ba ku labari ni ne mai riƙe wa Baffana littafi: a yi ciniki in rubuta, a biya la'ada in rubuta. In ka cire fitar da muke yi zuwa masallaci, ba ma tashi sai bayan La'asar. Daga nan mu gangara bakin gada, mu sayi soyayyen kifi da zafinsa, a barbaɗa yaji, mu ci a tsaye. Shi ne abin da ke fara shiga cikina a ranar, in ban da goro.

Kafin Isha'i sai baƙon ya iso. Yana fara aiko da ɗan aike: wani ƙyalli a gefen idon dama, kamar rana ta daki sabon kwanon rufi. Bayan kamar minti 20 ƙyallin ya ɓace, sai a fara daka a ɓarin kaina, taɓarya ɗaya, turmi ɗaya. Haske ba na so, ƙarar cokali a kwano ba na so, ƙamshin turaren wutar uwargida kuwa amai yake sa ni. Wani lokaci in farka Asabar garau amma a gajiye, wani lokaci sai Lahadi yake sakina.

Inna ce ta yanke hukunci. "Kifin nan ne, ɗan nan. Ka ci da yamma, ka kwanta da dare, me kuma ake nema?" Wa zai ja da wannan? Na bar kifi. Juma'a ta zagayo, ciwo ya zo abinsa. Sai aka ce ai daddawa ce. Aka cire. Aka ce farin magi, aka ce gyaɗa, aka ce ƙwai, wani maƙwabci ya rantse da nonon da ya kwana. Kowa ya zo dubiya sai ya tafi da kwano ɗaya daga gabana. Uwargida ta koma ɗora tukunya biyu, tasu da tawa, kuma duk wanda ya taɓa shan miyar kuka babu daddawa ya san abin da ake kira haƙuri. Na rame har wando na zamewa. Shekara huɗu ina wannan hali.

Abin da ban bari ba shi ne ƙwaya. Akwai wani mai kemis da ya san ni har ba sai na yi magana ba, in na tsaya sai ya miƙo. Daga ta Juma'a na koma sha tun Alhamis don riga-kafi, daga nan kusan kullum. Ciwon ma ya daina jiran Juma'a.

Da abin ya ishe ni na shiga mota zuwa Kano. Likitan da na samu ya saurare ni ina jero masa abubuwan da na haramta wa kaina, bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Malam, Juma'ar da ta wuce me ka karya da shi?" Na ce ba na karyawa ranar kasuwa. "Ruwa fa?" Na yi shiru. "Goro nawa?" Na ce ai a Kara ba a ƙirga goro, kowane ciniki ya faɗa sai an ɓara. Ya yi murmushi ya ce, "Shanun Baffanka suna da littafi, kanka ba shi da shi."

Ya auna jinina, ya duba idona, ya gaya mini sunan abin: ciwon ɓarin kai, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa. Tsohon ciwo ne, har a Bukhari an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho a kansa saboda shi yana cikin harami. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da shi, mata sun ninka maza wajen sau uku, kuma in ya tashi yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Ya ce mai shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in irin mai haɗi ne, maganin da kansa ke komawa yana haifar da ciwon. Ya kuma ja kunnena: ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko karkacewar baki, wannan ba a tsaya rubutu, asibiti ake nufa.

Aikin da ya ba ni mai sauƙi ne, sai dai yana son naci. Littafi mai ganye 40, kowace rana layi ɗaya: yaushe na kwanta, yaushe na tashi, me na ci da ƙarfe nawa, ruwa nawa, goro da shayi nawa, kai ya yi ciwo ko bai yi ba. Ya nanata cewa ranakun lafiya sun fi muhimmanci, domin mutum ba ya manta abin da ya ci daren da ya kwana yana juyi, amma sau goman da ya ci abin nan ya tashi lafiya lau, su ba ya tuna su. Sannan in dawo da abincin da na kora ɗaya bayan ɗaya, kowanne in gwada shi sau uku ko huɗu a ranar da na yi barci sosai, na karya, ban sha rana ba.

Wata uku na yi ina rubutu. Kifi ya fita zakka tun a makon farko: na ci Talata, na ci Laraba, ko gezau. Gyaɗa da ƙwai suka bi bayansa. Abin da ya rage a shafin Juma'a kuwa kullum iri ɗaya ne. Daren Alhamis ba na kwanciya da wuri saboda lissafi, in tashi tun Asuba, in yi awa goma sha wani abu babu abinci, rana na dukan tsakiyar kai, ruwa bai fi leda biyu ba, goro kuwa sai wanda ya gani. Goro na ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi da kofi, kuma jikin da ya saba da shi in an yanke masa yakan yi ƙorafi da ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24. Wannan ne ya bayyana mini wasu Asabar ɗin, da kuma ciwon da nake yi duk ranar ɗaya ga azumi, wanda a da nake ɗorawa kan ƙosan buɗa-baki.

Ba cewa nake yi abinci ba ya tada ciwon ba. Tun 1967 wata likita a Ingila, Edda Hanington, ta nuna yatsa ga wani sinadari mai suna tayiramin, wanda ke taruwa a abincin da aka bari ya ruɓa da gangan ko ya daɗe a ajiye, irin tsohon cukun Turawa da busasshen kifi. A wurinmu daddawa na cikin wannan dangi, tunda kalwa ce da aka rufe kwanaki har ta canza. Amma da wani likita a Amurka, Leslie Kelman, ya bi marasa lafiya sama da 1,200 ya wallafa sakamakon a 2007, kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka ambaci wani abinci, alhali kashi 57 sun ambaci rashin cin abincin, kusan kashi 80 kuma damuwa. Wato yunwa ta fi abinci yawan masu ƙara. Akwai ma wani tarko: ciwon kan fara aiki a ƙwaƙwalwa awanni ko kwana guda kafin a ji shi, ya zo da hamma da kwaɗayin zaƙi. Sai mutum ya sha alewa ko lemon kwalba, kai ya sara, ya ce zaƙin ne. Turawa sun daɗe suna zargin cakulan a kan haka, kuma da aka gwada ba tare da masu ci sun san me aka ba su ba, zargin bai tsaya da ƙafarsa ba. Farin magi ma haka, gwaje-gwajen da aka yi da shi a cikin abinci ba su kama shi dumu-dumu ba.

Ni dai hoton da ya zauna mini shi ne na masu yashi a kogin nan namu. Suna loda kwale-kwale bokiti bayan bokiti har bakinsa ya kusa shafar ruwa. In ya nutse, bokitin ƙarshe ake zagi. Kifin bakin gada shi ne bokitina na ƙarshe, don kawai shi ne ke zuwa daf da Magariba.

Cikin duk waɗanda aka tsare, guda ɗaya ne littafin bai sallama ba: bandar kifi da ta daɗe a rataye, in aka haɗa ta da daddawa mai yawa a miya. Sau huɗu na gwada, sau uku kai ya amsa. Ita ma in na yi barci na ƙoshi, wani lokaci takan wuce ni salin-alin. Wannan nawa ne, ba na kowa ba. Ƙanwata mai irin ciwon nan tana shan miyar banda har da ƙari, ita nata yana bin al'adarta ta wata ne, kuma nata littafin ne ya nuna mata.

Yanzu ranar Juma'a sai na sha koko da ƙosai kafin in fita, gorar ruwa na cikin aljihun riga, goro ɓari biyu na tsaya. In Sha'aban ya kama nakan fara rage shi kaɗan-kaɗan, sahur kuma in jinkirta shi. Ciwon bai rabu da ni ba, yana leƙowa sau ɗaya a wata ko wata biyu. Tukunya ta koma ɗaya a gidan.

Rannan na shigo da ƙunshin kifi daga bakin gada, mai ya jiƙe takardar. Inna na zaune kan tabarma tana jan carbi. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin, ta ce, "Kai dai ba ka jin magana." Sannan ta miƙo hannu ta zaɓi mafi girma.