Sana'a sa'a: kafin a danna, a duba

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kasuwar yau hoto ya zama dillali. Ɗan kasuwar Maraɗi na aika hoton atamfa zuwa Tawa kafin a yi ciniki, ma'aikacin gwamnati kuma na haɗa hoton rijiya ko na ginin aji cikin rahotonsa. In hoton ya fito baƙi ƙirin, ko launin kaya ya canza, mai saye zai ce an cuce shi, shugaba kuma zai yi shakkar aikin. Ɗaurin aure da raɗin suna kuwa, ba a maimaita su don mai hoto ya yi kuskure.

Tushen sana'ar shi ne haske. Kamara, ta filim ce ko ta salula, da abubuwa 3 take sarrafa shi. Na farko shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga, wanda ake rubutawa f/2.8, f/8 ko f/16. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, tana fito da fuska sarai ta dusashe abin da ke baya. Babbar lamba kuwa na fito da na kusa da na nesa tare. Na biyu shi ne lokacin da ƙofar ke yi a buɗe. Mutumin da ke tsaye 1/125 na sakan ya ishe shi, amma dokin hawan salla ko ɗan kokowa sai 1/500 ko abin da ya fi shi sauri. In aka sauka ƙasa da 1/60, rawar hannu ma na ɓata hoto. Na uku shi ne ISO, wato ƙarfin kama haske: 100 a rana, 400 ko 800 a inuwa da cikin ɗaki. In lambar ta yi yawa, hoto kan fito kamar an watsa masa yashi. Tsofaffin masu hoto na da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: a tsananin rana, da ISO 100, a sa f/16 da 1/125.

A Nijar rana ba ta ƙaranci, yawanta ne matsala. Da tsakar rana hula da rawani na jefa inuwa a kan ido. Farar babbar riga kuma na ruɗin kamara, domin in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskar mai rigar ta ɓace cikin duhu. Maganin abin shi ne a kai mutum inuwar bango ko rumfa, ko a jira safiya ko la'asar sakaliya, rana tana bayan mai ɗauka ko a gefensa. Mai salula ya taɓa fuskar a jikin gilashin wayar, domin a kanta za a auna hasken. Kayan sayarwa ma bakin ƙofar shago ya fi masu, saboda fitilar lantarki na canza launin zane.

Bayan haske sai tsari. Idon mutum na zaɓen abin da yake so, kamara kuwa komai take kwashewa, har da bokitin da ke gefe da sandar lantarkin da za ta fito kamar daga kan ango ta tsiro. Seydu Keita, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, ya san wannan. Da hasken rana ya fi aiki a tsakar gida, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, kuma galibi ɗauka ɗaya tak yake yi wa kowa. Ya rasu a 2001, amma a 2016 hotunansa sun cika zauren Grand Palais na birnin Paris. Wanda yake da ɗauka ɗaya dole ya duba da kyau.

Mai koyo ya raba hoto a zuciyarsa gida 3 a tsaye, gida 3 a kwance, ya aje abin da ya fi muhimmanci a inda layukan suka haɗu, ba kullum a tsakiya ba. Dogon abu, irin hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon kusan mita 27, kamara a tsaye yake so. Taron jama'a kuma a kwance. Ya matsa kusa da ƙafarsa, ya durƙusa in yaro zai ɗauka, ya lura kada ya yanke kai ko ƙafa. A lokacin hunturu ya fara hure ƙurar idon kamara kafin ya goge da tsumma mai laushi, domin bakin riga na karce shi. Sannan ya nemi izinin mutum kafin ya ɗauke shi, ya kuma nisanci wuraren tsaro.

Ga gwaji na wannan mako: a ɗauki abu guda, ko da tulu ne, da safe, da tsakar rana, da la'asar, sannan a jera hotunan a kwatanta. Sauri ya haifi nawa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba hoton dare.