Daga Kilomita Biyar: Rowar mai ta ci mini fistin

Yau zancen inji za mu yi.

Ina da tsohon Yamaha mai doki 40 da ke tsallaka mini kaya daga Bangi zuwa Zongo. Bara, da mai ya yi tsada, na ce wa yarona ya rage abin da yake zubawa a fetur. Ran nan muna tsakiyar kogin Ubangi da buhunan albasa, inji ya yi ƙara ya ƙame. Da filafili muka kai gaɓa. Bakanike ya buɗe ya ce, "Alhaji, fistin ya ƙone." Kuɗin gyara ya fi man wata shida.

Irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar mai daban. Wanda ka gauraya a fetur shi kaɗai ke shafa masa ciki. Ka rage, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ka cika kuma, sai hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, inji ya ƙi tashi.

Yawancinsu kashi 50 na fetur ne, ɗaya na mai: jarka mai lita 25, rabin lita. In an sa sabon fistin, a ninka ya zama lita guda har awa goman farko. Mai tsoho ƙwarai ya duba takardar injinsa, don wasu na da sun fi shan mai.

Nemi gwangwani mai rubutun TC-W3, ban da baƙin man mota. Fara zuba man, ƙara fetur kaɗan, girgiza, sannan ka cika. Fetur ɗin kwalba kuwa, tace shi.

Auna, kada ka kintata. Allah ya tsare hanya.