A Cire Allon Nan Daga Bakin Kurmi

Jiya da yamma na bi ta kurmin da ke bayan garinmu, sai ga sabon allo an kafa, da hoton ɗan takara yana murmushi, wai "aikin mai girma". Ɗan jam'iyyarmu ne, na sani, kuma shi ya sa ma zan yi magana. Haba jama'a! Wane aiki?

Kowa a garin nan ya san wanda ya raya wurin. Wani ƙaramin gidan burodi ne, maigida da yaransa bakwai. Shekara uku ke nan, duk Asabar in sun gama gashin asuba, sai su cika jarkoki su nufi daji a keken da suke rabon burodi da shi. Ba wanda ya ba su kwangila, ba wanda ya biya su ko sisi. Su suka kewaye ƙananan itatuwa da ƙaya saboda awaki, su ke share ciyawa a gefe kafin hunturu don kada gobara ta shiga, su suka zauna da makiyaya aka fitar da hanyar shanu. Tsofaffin kututture ma ba su tumɓuke ba, sun rage tohon sun bar masu ƙarfi, irin yadda manoman Maraɗi ke yi tun shekarun 1980 har gawo ya dawo gonakinsu.

Na taɓa tambayar maigidan dalili. Ya ce, "Malam, tandata itace take ci. Kirya da marke nawa na ƙona? Bashi nake biya." Masu cewa ai su suka cinye dajin tun farko, to ga shi ya amsa da bakinsa. Ku da kuke sayen gawayi buhu-buhu fa, wanne kuka biya?

Mu 'yan siyasa kuwa mun san namu salon. Watan Agusta, ƙasa a jiƙe, a zo da babbar riga da shebur da mai hoto, a dasa darbejiya ɗaya a tafa. Kafin Maris akuya ta gama da ita, ba mai waiwaya. Tun 2007 ake maganar koriyar ganuwar da za ta tare hamada, amma itace ba a taro yake girma ba, sai an samu mai ɗaukar jarka a tsakiyar rani.

Na ji wani a taron mazaɓa yana cewa allon talla ce kawai, ba ta cutar da kowa. Tana cutarwa mana. Ranar da kurmin ya zama na jam'iyya, 'yan ɗaya ɓangaren za su daina ganin laifin mai shiga da gatari, alhali biyu cikin yaran gidan burodin ma nasu ne.

Ranka ya daɗe, in da gaske ake, kuɗin allon nan ya isa jarkoki da gyaran keke. Rijiya suke nema kusa da wurin. A cire allon, kuma Asabar ƙarfe bakwai suke fita.