Harshen da Takardun Ciniki Suka Tsare

 Ku sani a yammacin ƙasar Sin, bisa tsohuwar hanyar ayarin siliki, akwai wani gari ana ce masa Tumshuk. Mutanensa na dā suna da harshe nasu, dangin Farisanci ne, amma na reshen gabas, inda Fashtanci na Afganistan yake. Ɗan'uwansa na kusa shi ne harshen Khotan, su biyun kuwa ana kiransu harsunan Saka. Turkanci ya cinye su duka, musamman bayan da Turkawa suka ci Khotan wajen 1006.

To, yaya aka san shi? A 1906 wani Bafaranshe, Paul Pelliot, ya tona kufan garin, Jamusawa ma suka tona, aka sami 'yan takardu kaɗan da rubutun Hindu da ake kira Barahmi. A 1935 Sten Konow ya buga waɗansunsu. Abin lura, ban da littattafan ibadarsu, da yawa takardun yarjejeniya ne da sunayen shaidu. Mai rubutun bai nufi tsare harshe ba, tsoron gardama kurum yake yi, ga shi kuwa ya tsare.

Mu dubo gida. A gabas da mu an yi Auyakanci da Shiranci da Teshenanci, dangin harshen Bade. Hausa ta haɗiye su, abin da aka rubuta daga cikinsu bai wuce 'yan kalmomi ba. Wannan ai abin kunya ne a ƙasar da alƙalami da tawada ba su taɓa yankewa ba. Na san wani zai ce harshe in ya daina amfani a kasuwa sai a bar shi ya tafi. Ni ban yarda ba, domin sunayen rijiyoyi da ciyayi da magunguna tare da shi suke tafiya.

Ɗan Tunku da ya kafa Kazaure a 1819 Bafillace ne, yau kuwa Fillanci ya yi ƙaranci a bakin jikokin Fulanin birni. Yana nan da rai a rugagen Roni da Gwiwa da Babura. Kowane malami yana da almajiri ɗan ruga. Ya zaunar da shi bayan karatun dare, ya rubuta da Ajami sunayen shanu da launukansu, da ƙirga, da kalmomin ciniki, ya sa shekara da sunan garin, ya ajiye cikin gafaka.